Tumatirina ya yi ganye ya ƙi 'ya'ya, attarugu kuma ya ƙi girma: wane magani zan fesa?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da wannan tambaya. Ta ce rana ɗaya ta shuka tumatir da attarugu a bayan ɗakinta, wasu a ƙasa, wasu a bokitai. Tumatirin ya tashi fuu, ganye shar, har ya kai mata ƙugu, amma da ya yi fure sai furen ya bushe ya zube. 'Yan 'ya'yan da suka samu suka kama kuma gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Attarugun kuwa sai da ya kusa mako uku kafin ya leƙo, har yanzu bai wuce taƙi guda ba, ganyensa na sama yana nannaɗewa. Tana ba su ruwa "kullum in ta tuna", ta zuba yuriya sau biyu, an ce ta daka ɓawon ƙwai ta barbaɗa ta yi, ba ta ga canji ba. Shi ne take son sunan maganin da za ta saya.

Malama, ki dakata da maganar feshi tukuna. Cikin abubuwa huɗu da kika lissafa, uku babu ruwansu da ƙwari ko cuta, ko ganga guda kika juye musu ba abin da zai canza. Na huɗun ne kaɗai nake zargin ƙwaro, shi ma sai kin leƙa bayan ganye kin tabbatar. Amsar rabin tambayarki tana cikin kalmomi uku da kika rubuta da hannunki: "in na tuna". Zan zo kansu.

Bari mu fara da attarugun, don in kwantar miki da hankali. Lafiyarsa ƙalau ta fuskar tsiro. Tumatir da barkono dangi ɗaya ne, su da gauta da yalo da dankalin Turawa da taba, kuma dukkansu biyun daga nahiyar Amurka suka fito kafin su bazu a duniya. Amma zama ɗaki ɗaya bai sa hali ya zama ɗaya ba. Irin tumatir kwana 5 zuwa 10 ya tsiro. Barkono yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, attarugu kuma, wanda masana ke kira Capsicum chinense, shi ne sarkin nawa a gidan, wani sa'in har mako huɗu in ƙasa ba ta da ɗumi. Yana son ƙasar da zafinta ya kai digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas kafin ya motsa. Bayan ya tsiro ma haka yake tafiya, kamar wanda aka aika ba ya so. Tumatir yakan fara ba da nunannu kwana 60 zuwa 85 bayan dashe, attarugu sai ya kai 90 zuwa 120. Tattasai da shambo, waɗanda suke jinsin Capsicum annuum, sun ɗan fi shi hanzari. Don haka duk mai son ya tsinke su lokaci guda, barkono yake fara renawa, makonni kafin tumatir. Ke da kika shuka su rana ɗaya, kina gwada ɗan tsere da mai tafiyar hawainiya ne.

Akwai kuma wani bambanci da ya fi wannan cutar da masu lambun gida. Tumatir mashayi ne, barkono kuwa ba ya son ƙafarsa a cikin ruwa. In kika yi musu ban ruwa da mudu ɗaya, ko dai tumatir ya yi ƙishi ko saiwar barkono ta shaƙe. Attarugun da ya tsaya cak, ganyensa na ƙasa na yin ɗorawa-ɗorawa, sau da yawa ruwa ne ya yi masa yawa, ba taki ya rasa ba.

Yanzu zubewar fure. Ki je ki tsuguna ki kalli fure ɗaya da kyau. A ɗan siririn karan da ke riƙe da shi akwai wata gaɓa kamar gwiwa. In barbara ba ta yi ba, daga nan ne yake fara rawaya, bayan kwana biyu ko iska ta taɓa shi ya faɗi. Furen tumatir namiji da mace a jiki ɗaya suke, ba ya buƙatar wata shukar. Abin da yake bukata shi ne garin da ke cikinsa ya kasance da rai, kuma a samu abin da zai girgiza shi ya zubo a kan macen. Zafi ne yake kashe garin nan. Da zarar rana ta riƙa wuce digiri 32 zuwa 35, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 21 zuwa 24, garin yakan lalace tun kafin furen ya buɗe. Mutane sun fi kallon zafin rana, amma a ganina zafin dare ya fi ɓarna, saboda shukar ba ta samun lokacin hucewa. Sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 13 shi ma yana hana kamawa, haka iska mai tsananin bushewa ko mai tsananin laima.

Kika ce bayan ɗaki. To ki taɓa bangon nan da tafin hannu bayan faɗuwar rana. In kin ji ɗumi, kin gano ɗaya daga cikin ɓarayinki. Bangon siminti da daɓen siminti suna shan zafi yini guda su riƙa amayar da shi da dare a kan shukar da aka jingina musu. Bokitan dai ki janye su daga jikin bango, ki ɗora su a kan katako ko bulo, ki kai su inda za su sha hantsi su samu inuwa daga azahar zuwa la'asar. Na ƙasa kuma ki kafa musu 'yar rumfa mara kauri ta ɓangaren yamma, ko da tsohon gidan sauro ne. Kada dai ki kai su inuwa ɗungurungum, domin suna bukatar rana ta sa'a 6 zuwa 8. Sannan da hantsi, in raɓa ta bushe kafin zafi ya taso, ki bi ki ɗan ƙwanƙwasa karan kowace shuka da yatsa. A fili iska da ƙudan zuma ke yin wannan aikin, amma a lungun da gini ya kewaye sai mai lambu ya taya.

Gaskiyar da ba kowa ke son ji ba ita ce, in kin shuka ne furen ya faɗo a tsakiyar lokacin zafi, dabarun nan rage asara kawai za su yi. Tumatir ba a faɗa da yanayi a kansa. A lissafa baya ake yi: daga shuka iri zuwa fure kamar mako 7 zuwa 9 ne, sai a zaɓi ranar shuka yadda furen zai zo a watannin da dare ke da sanyi-sanyi a inda mutum yake. In kuma dole sai an yi a zafi, ƙananan tumatir ɗin nan masu kama da ƙwallon wasan yara sun fi manya juriya nesa ba kusa ba.

Yuriyar da kika zuba ita ce ɓarawo na biyu, kuma ita ta yaudare ki. Kashi 46 cikin ɗari na yuriya naitirojin ne, babu wani abincin shuka a cikinta sai shi. Naitirojin ganye yake yi. Shukar da ta ƙoshi da shi takan yi kara mai kauri, ganye kore har yana baƙi-baƙi, saman yana murɗewa, kowa ya gani ya ce masha Allah, amma kallon kitse ake yi wa rogo. Ta manta da haihuwa. Ga shi kuma ganye mai taushi da ruwa-ruwa shi ne abin da ƙwari masu tsotso suka fi so. Ki tsayar da yuriya gaba ɗaya. Abin da tumatir da barkono ke so daga lokacin fure zuwa gaba shi ne fotashiyam. In takin zamani za ki yi amfani da shi, NPK 15-15-15, wanda ke ɗauke da fotashiyam ɗin, ya wadatar a lambun gida: cokalin cin abinci guda wanda ba a tula ba ga kowace shuka, a zagaye gindin da tazarar yatsu huɗu ko biyar, a rufe da ƙasa a ba da ruwa. Sau ɗaya mako biyu bayan dashe, sau ɗaya kuma in 'ya'yan farko sun kama. Na bokiti rabin haka, amma a fi maimaitawa tunda ruwa na wanke shi. Tokar itace tana da fotashiyam da kalsiyam, sai dai ɗan barbaɗe ake yi, domin in ta yi yawa tana kashe tsamin ƙasa, su kuwa shukokin nan sun fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, tsakanin 6.0 da 6.8 a ma'aunin pH. Kashin kaji kuma in bai ruɓe ya huce ba, ƙona saiwa yake yi.

To, mu zo kan baƙin gindi, wanda a nan ne nake son ki fi ba ni hankalinki. Waɗanda suka ce miki ƙarancin kalsiyam ne ba su yi ƙarya ba. Inda suka kuskure shi ne zaton cewa ƙasar ce ba ta da shi. Yawancin ƙasa tana da isasshe. Matsalar sufuri ce. Kalsiyam ba ya tafiya a jikin shuka sai a cikin ruwan da saiwa ta ja, kuma ruwan nan ya fi karkata inda ake fitar da tururi, wato ganye. Ɗan tumatir ba ya gumi kamar ganye, don haka rabonsa kaɗan ne, kuma ƙarshen gindinsa shi ne tasha ta ƙarshe a hanyar. Wani abin kuma, kalsiyam in ya zauna a ganye ya zauna ke nan, shuka ba ta iya kwaso shi ta mayar wa ɗa. A makonni biyu zuwa uku na farko bayan kamawa, lokacin da ɗan ke kumbura da sauri, in ƙasa ta bushe na yini ɗaya ko biyu, sufurin ya yanke, naman gindin ya mutu. Ba za ki ga komai ba a ranar. Sai bayan kwanaki ki ga wani tabo kamar an jiƙa wurin, daga nan ya yi ruwan ƙasa, ya yi baƙi, ya lotsa ya bushe kamar fata. Lokacin kin riga kin manta ranar da ba ki ba da ruwa ba.

Kin ga yadda yuriya ta ƙara dagula lissafin: ta tara ganye mai yawa, ganyen ya ƙwace ruwan da kalsiyam ɗin duka. Ɓawon ƙwai kuma kalsiyam ne da gaske, amma yakan yi watanni, wani har shekara, bai narke ba. Ki zuba shi a tarin takinki don gaba, bai da laifi, amma ba zai ceci ɗan da ke rataye yau ba. Waɗanda suka riga suka yi baƙi ki tsinke su, ba sa warkewa, ƙarfin uwar kawai suke ci. Ba ya yaɗuwa daga ɗa zuwa ɗa. Dogayen tumatir sun fi zagayayyu kamuwa da shi, ƙananan nan kuwa da wuya ki gani a jikinsu, kuma ya fi yawa a gungun farko. In kin daidaita ruwa, gungu na biyu da na uku za su fito lafiya.

Daidaita ruwa ba ya nufin yawaita shi. Ma'auninki yatsa ne. Ki cusa manuniya cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi ki bari, in kin ji bushewa ki ba da ruwa sosai har ya ratsa ƙasa, ba yayyafin da zai jiƙa sama kawai ba. Yayyafi kullum yana koya wa saiwa zaman sama, rana ɗaya aka yi fashi sai ta galabaita. A ƙasa, ban ruwa mai nauyi sau biyu ko uku a mako yakan isa, gwargwadon irin ƙasar, yashi ya fi laka saurin bushewa. A bokiti kuwa labarin daban ne. Babban tumatir mai 'ya'ya a ranar zafi yakan sha lita 2 ko fiye, don haka kullum ne, wani lokaci safe da yamma. A gindi ake zubawa, da safe, ba a kan ganye ba, domin jiƙaƙƙen ganye da ya kwana shi ne shimfiɗar cututtukan naman gwari, wato dangin funfuna. Barkono kuma ki bar saman ƙasarsa ya ɗan bushe tsakanin ban ruwa da ban ruwa.

Abu mafi arha da zai yi miki rabin aikin nan shi ne lulluɓe gindi. Busasshiyar ciyawa, ƙaiƙayi, busasshen ganye, kaurin yatsu uku, a bar ɗan fili a jikin karan kada ya ruɓe. Yana riƙe danshi, yana sanyaya ƙasa, yana hana ciyawa, yana kuma hana ruwa fantsamo laka a kan ganye. Shi ne kuma maganin tsagewar tumatir, wadda ita ma 'yar ɗakin baƙin gindi ce: ƙasa ta bushe, a kwarara ruwa, ciki ya kumbura fiye da abin da fata za ta iya ɗauka.

Ba ki faɗi girman bokitan ba, amma ina da zato. Tumatir guda ɗaya yana son mazubi mai lita 20, barkono lita 10 zuwa 15, shuka ɗaya tak a kowane mazubi. A huda ƙasansa wuri biyar ko shida. Baƙar roba a rana dafa saiwa take yi, ki naɗe ta da buhu ko ki shafa mata farin fenti. Ƙasar kuma a haɗa ta: kashi biyu ƙasar sama, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya yashi mai gwari-gwari. Laka zalla a bokiti bulo take komawa.

Saura nannaɗewar ganyen attarugu. A nan ne nake son ki zama mai bincike. Ki juya ganyen sama ki duba bayansa, in da hali da sassafe. In kin girgiza shukar kika ga wasu fararen abubuwa ƙanana sun tashi kamar toka, farin ƙuda ne. In kin ga wasu 'yan ƙwari kore ko baƙaƙe sun yi cincirindo a kan sabon toho, ganyen yana danƙo, tururuwa na hawa da sauka, kwarkwatar ganye ce, kuma tururuwar kiwonta take yi don zaƙin da take fitarwa. In ba ki ga komai ba amma sabon ganye ya ƙanƙance, ya yi tauri, ya lanƙwashe ƙasa, to akwai wasu mitsi-mitsin dangin gizo-gizo da ido ba ya kamawa. Duk waɗannan ana iya shawo kansu tun suna kaɗan. Ki fara da watsa musu ruwa mai ƙarfi a bayan ganye. Sai ruwan sabulu, ƙaramin cokali a lita guda, sabulu zalla ba garin wanki ba, ki gwada a ganye biyu ki jira kwana ɗaya. Ko ƙwallon darbejiya: gram 50 na dakakken ƙwallo a lita ɗaya, ya kwana a jiƙe, a tace, a ɗiga sabulu kaɗan, a fesa da yamma domin rana tana kashe ƙarfinsa, a maimaita bayan kwana 5 zuwa 7. Bayan ganye ake nufa. Wanda ya fesa sama kawai wanka ya yi wa shukar.

Abin tsoro a ƙwarin nan ba tsotson ba ne, abin da suke ɗauke da shi ne. Farin ƙuda shi ke yaɗa bairas ɗin da ke sa ganyen tumatir ya ƙanƙance, gefensa ya yi rawaya ya lanƙwaso sama kamar cokali, shukar ta tsugune ta daina girma. Kwarkwatar ganye ita ma tana da nata da take kai wa barkono, mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare. Bairas ba shi da magani, duk wanda ya ce zai sayar miki da shi kuɗinki yake so. Shukar da ta kamu a tuge ta, a sa a leda a fitar da ita daga lambun, kada a jefa a tarin taki. Na san da ciwo. Amma kada ki rikita wannan da naɗewar tsofaffin ganyen tumatir na ƙasa, waɗanda ke naɗewa kamar tabarma a ranar zafi alhali suna nan kore da kauri. Wannan kare kai ne daga rana, ba cuta ba. Af, in akwai mai shan taba a gidan, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa shukokin, akwai bairas ɗin taba da ke bin hannu.

Tunda muna kan cututtuka, ga guda biyu da ba ki tambaya ba amma za ki haɗu da su in kin daɗe a harkar. In kika ga tumatir kore shar ya yi yaushi da rana tsaka alhali ƙasa na da danshi, ya farfaɗo da dare, bayan kwana biyu ko uku ya kwanta gaba ɗaya ba tare da ya yi rawaya ba, ki yanko karan kusa da gindi, ki rataya yankakken bakin a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kada ki motsa. Cikin 'yan mintuna in kin ga wani farin zare-zare kamar hayaƙi yana saukowa daga karan, bakteriya ce ta toshe jijiyoyin ruwa. In ba haka ba, ki tuge ki duba saiwar. In ta yi ƙulli-ƙulli kamar an ɗaura mata tsakuwa, wasu tsutsotsin ƙasa ne da ba a gani da ido. Dukansu biyun a ƙasa suke zama shekara da shekaru. Ni kaina na taɓa yin wautar nan: fangali ɗaya ya yi mini kyau, na maimaita tumatir a cikinsa sau uku a jere, da na ga ya fara gajiya sai na ce bari in canza, na dasa tattasai. Duk suka mutu, domin a wurin cutar tattasai da tumatir tuwona maina ne. Canji na gaskiya shi ne a fita daga dangin gaba ɗaya na shekara uku, a sa masara ko albasa a wurin. Mai bokiti ya fi kowa sauƙi, ƙasar kawai zai juye ya wanke mazubin.

Sai ƙwaron da masana ke kira Tuta absoluta, wasu manoma kuma sharon. Daga Kudancin Amurka ya fito, aka fara ganinsa a Sifaniya a 2006, cikin 'yan shekaru ya mamaye Turai da Afirka da Asiya. Ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafin dare ne, tsutsarsa ke shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa ta cinye naman, ta bar fararen tabo kamar takarda. In kin ɗaga ganyen a rana za ki hango ta a ciki da baƙin kashinta. Da yake a ɓoye take, feshi bai cika samunta ba, kuma ta saba da magunguna da yawa. A lambun da bai wuce shuka ashirin ba, yatsu biyu sun fi kowane magani: a duba kowane kwana biyu, a murje ta a cikin ganyen ko a tsinke ganyen a ƙone. In ta kai ga sai kin sayi maganin kanti, ki karanta kwanakin da aka rubuta a jira tsakanin feshi da tsinka, ki kuma cika su.

A zagaye na gaba, ki yi reno a wani faffaɗan mazubi mai ƙasa mai laushi, zurfin iri bai wuce santimita 1 ba. Kada ki cika shi, kada kuma ki jiƙa shi sharkaf, in ba haka ba za ki wayi gari ki ga tsiron ya sirance a gindi ya kife. Tumatir ana dasa shi yana da mako 4 zuwa 5, da ganyen gaske huɗu ko biyar, barkono mako 6 zuwa 8. Mako guda kafin dashe ki fara yaye su, ki rage ruwa ki ƙara musu rana kaɗan-kaɗan. Dashen yamma ake yi. Tumatir a binne shi da zurfi, har wuyan ganyen farko, domin karansa yana fitar da saiwa duk inda ƙasa ta taɓa, ko ya yi tsawo ya langaɓe a reno a kwantar da shi a rami a bar kan a waje. Barkono ba ya wannan, iya inda ƙasa ta tsaya masa a reno nan za a tsayar. Tazara santimita 50 zuwa 60 ga tumatir, 40 zuwa 50 ga barkono. Sandar tokara ranar dashe ake kafa ta, ba sai saiwa ta bazu a soke ta ba, a ɗaure da tsumma mai laushi sako-sako.

Wajen sayen iri ki duba abu biyu a jikin takardar. Na farko, ko mai tsayawa ne ko mai yaɗo. Mai tsayawa, irin su Roma VF da UC82B, yakan kai wani tsawo ya tsaya ya zubo 'ya'yansa kusan lokaci guda, shi ya fi dacewa da bokiti, kuma ba a yi masa aski sai ganyen da ke taɓa ƙasa. Mai yaɗo ba ya daina tsawo, shi ne ake cire wa 'yan tohon da ke fitowa a hammatar ganye tun ba su wuce yatsa ba, a bar kara ɗaya ko biyu. Na sha ganin wanda ya ji ana cewa a cire toho, ya bi mai tsayawa ya aske, ya zubar da rabin amfaninsa da hannunsa. Na biyu, haruffan da ke bin sunan. V da F juriya ce ga wasu cututtukan yaushi biyu na naman gwari, N juriya ga tsutsotsin saiwar nan. F1 kuma na nufin haɗin aure ne, yana da albarka amma in kika ajiye irinsa jikokin ba za su yi kama da shi ba.

In za ki ajiye iri daga wanda ba F1 ba, ki zaɓi ɗa mafi kyau daga shuka mafi lafiya. Na tumatir a matse a kofi da ruwansa a bar shi kwana 2 zuwa 3 ya yi tsami, yauƙin ya saki, a ƙara ruwa, masu kyau su nutse, a shanya a inuwa. Na barkono sai ya nuna sosai a jikin uwarsa. Ki sani kuma ƙudan zuma na iya haɗa tattasai da shambo aure in suna kusa. Ba za ki ji a 'ya'yan bana ba, sai kin shuka irin baɗi ki ga tattasai na yaji.

Yajin nan ma ba a ƙwayar irin yake ba kamar yadda ake ɗauka. A farar tsokar cikin da irin ke manne yake, sinadarin da ake kira kafsaisin. Tun 1912 wani Ba'amurke mai haɗa magunguna, Wilbur Scoville, ya fito da ma'auninsa: tattasai mara yaji sifili ne, attarugu yakan kai 100,000 zuwa 350,000. Ruwa ba ya wanke shi, in ya kama miki hannu ki murza mai sannan sabulu. Barkonon da aka ɗan rage wa ruwa bayan 'ya'ya sun ƙosa yakan fi yaji, amma ba a yin haka lokacin fure.

Tumatirinki in ya ƙosa a zafi kada ki yi mamaki in ya tsaya a ruwan lemo ya ƙi ja. Sinadarin da ke ba shi jan launi ba ya haɗuwa sosai in zafi ya haura digiri 30. Da kin ga gindin ya fara sauya launi ki tsinke ki kai ɗaki mai sanyi-sanyi, zai ƙarasa nuna da kansa, kin kuma tsere wa tsuntsaye da tsagewa. Barkono da almakashi ko wuƙa ake cirewa, reshensa ba ya jure fizga.

Shi kuwa attarugun da kike shirin fidda rai da shi, kada ki tuge in dai ba bairas kika gani ba. Ba kamar tumatir ba ne da zai ba da nasa ya gaji. Inda sanyi ba ya kaiwa ga ƙanƙara, gindi ɗaya yakan yi shekara biyu ko uku yana haihuwa. In ya gama zubin farko ki rage masa rassa kamar kashi ɗaya cikin uku, ki ƙara masa ruɓaɓɓen taki, sabon toho zai fito. A wannan makon dai ki tsinke furen farko da zai yi yana ɗan taƙi guda ɗin nan, ki bar shi ya yi jiki tukuna, ki rage masa ruwa, ki leƙa bayan ganyen gobe da safe. In kin sake rubutowa, ki faɗa mini abin da kika gani a wurin da kuma lita nawa bokitan ke ci.